Rago Mai Nono: Tarihin Tambayar da Ta Kashe Bakin Majalisarmu

Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah, muna zaune a majalisarmu ta bakin Ƙofar Dawanau, sai ga wani maƙwabcinmu ya sauke rago daga a-daidaita-sahu. Aka kwantar da ragon za a kwance masa ƙafa. Ɗan yayata, yaro ɗan shekara tara, ya leƙa cikinsa ya ce, "Kawu, an cuce shi, tunkiya ce! Ga nono nan guda biyu." Majalisa ta kwashe da dariya. Wani ya ce masa, "Kai ma ɗaga rigarka ka gani." Ya ɗaga, ya duba, ya ce, "To na mene ne?"

Shiru kake ji. Mu uku a wurin masu digiri ne, amma wallahi babu wanda ya iya ba shi amsa. Abin ya tsaya min a rai, na shiga bincike, sai na tarar ashe tambayar yaron nan ta haura shekara dubu biyu tana yawo a duniya.

Mu fara da ƙasar Girka. Aristotle, wanda littattafan Larabci ke kira Arisɗo, ya rasu a shekara ta 322 kafin haihuwar Annabi Isa. A littafinsa na dabbobi ya lura cewa mazan dabbobi da yawa suna da kan nono, amma ingarma galibi ba shi da shi. Har ya kawo labarin wani bunsuru a tsibirin Lemnos da aka tatse shi aka yi cuku da nononsa. An fassara littafin zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, wajen ƙarni na 9. Su ma malaman fiƙihu ba su ji kunyar zancen ba. A babin shayarwa sun tattauna cewa idan namiji ya samu ruwan nono ya shayar da jariri, shin 'yan'uwantakar shayarwa ta ƙullu? Mafi yawansu suka ce ba ta ƙullu ba. Kun ga ke nan magabata sun san abin yana iya faruwa.

A 1758 wani masanin Suwidin, Carl Linnaeus, ya tattara mutum da akuya da jemage da giwa a rukuni guda, ya raɗa musu suna daga kalmar Latin mai nufin nono, wadda kusan ɗaya take da tamu ta "mama". Su ne muke kira dabbobi masu shayarwa. To amma fa rabinsu maza ne, ba sa shayar da kowa. Tambaya ta sake dawowa.

Matafiyin nan Bajamushe, Alexander von Humboldt, da ya isa Benezuwela a 1799, ya rubuta labarin wani manomi da aka ce ya shayar da ɗansa wata biyar lokacin da matarsa ta kwanta ciwo. A 1871 kuma Charles Darwin na Ingila ya yi hasashen cewa wataƙila a can zamanin da, maza da mata duk suna shayarwa, daga baya na mazan ya daina aiki. Hasashe ne kawai, ba a samu hujjar da ta tabbatar da shi ba. Sai dai a 1994 masu bincike sun ba da rahoton wani irin jemage mai cin 'ya'yan itace a Malesiya wanda mazansa ke fitar da ruwan nono.

Amsar da ta fi ƙarfi daga cikin mahaifa ta fito. A 1990 masana a Landan suka gano wata ƙwayar gado da suka kira SRY, wadda take kan kuromosom na Y da namiji kaɗai ke ɗauke da shi. Ita ce ke ba da umarnin a fara gina jikin namiji, amma ba ta fara aiki sai ciki ya kai wajen mako shida zuwa bakwai. Kafin nan, ɗan tayi ko mace ce ko namiji, fasalinsu ɗaya. Kuma tun kafin umarnin ya iso, an riga an shata layuka biyu daga hammata zuwa matsematsi, inda kan nono ke tsirowa. Mutum yakan tashi da biyu a ƙirji, rago da bunsuru nasu yana can ƙasa kusa da maraina. Shi ya sa wani za ka gan shi da ƙarin kan nono a kan layin, ya zaci tawadar Allah ce.

Kamar magini ne ya zuba harsashi iri ɗaya ga dukkan gidajen layi, sai daga baya kowane mai gida ya faɗi yadda yake son nasa. A wajen ɓera, sinadarin maza yana rushe wurin tun a ciki, don haka namijin ɓera ba shi da kan nono. A wajenmu kuwa an bar shi, tunda ba ya cin komai. Masanin Amurka Stephen Jay Gould ya taƙaita zancen a wani rubutu na 1987: namiji yana da shi ne saboda mace tana buƙatarsa, kuma tsarin ginin ɗaya ne.

To me ya dame mu da wannan? Ga dalili. A bayan kan nonon namiji akwai ɗan naman mama na gaske, kuma yana amsa sinadaran jiki.

Jariri, ko namiji ne, yakan zo da ƙirji a kumbure har da ɗigon ruwa. Sinadarin uwarsa ne, zai baje da kansa. Matsa shi da ake yi a gidan jego na iya jawo ƙurji da mugunya.

Kusan rabin samari suna samun ɗan ƙullutu a wurin lokacin balaga. Ni ma na yi. Ina shekara goma sha huɗu na daina cire riga a filin ƙwallo, ina saka singileti biyu a tsakiyar zafin bazara don gudun tsokana. Ban faɗa wa kowa ba. Da na san cewa yawanci yana ɓacewa cikin shekara ɗaya ko biyu, da na huta da fargaba.

Babbar maganar kuma ita ce sankarar mama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin kowane 100 da ke kamuwa da ita namiji ne. Adadin kaɗan ne, amma maza sukan makara zuwa asibiti, don wa zai tsaya gaban likita ya ce nonona ke ciwo? Sai a ce ƙurji ne, a ce sammu ne, a yi ta shafe-shafe har ta ci jiki. Ƙullutu mai tauri ko da ba ya zafi, kan nono ya shige ciki, jini ko ruwa na fita, gyambon da ya ƙi warkewa: duk wanda ya ga ɗaya daga ciki, musamman dattijo, a kai shi asibiti. Ga Asibitin Murtala, ga na Malam Aminu Kano.

Ranar Sallah, muna fiɗar ragonmu, na nuna wa ɗan yayata wurin na ce, "An fara gina ka ne kafin a raba mace da namiji, wannan shaidar ce ta rage." Ya ce, "Ashe ba a cuci mutumin ba." Na ce ba a cuce shi ba.

A karanta wa Baba da Kawu wannan, don su ba sa hawa Facebook. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.