Ruwan Jos ba ya kai ɗari

"Malam, ma'aunin nan ya lalace." Kusan kowace shekara sai wani ɗan ajin farko ya zo mini da wannan ƙorafi, riƙe da ma'aunin zafi kamar ya kama ɓarawo. Ruwa na tafasa a gabansa, littafi ya ce digiri 100, ma'auni kuma ya tsaya a wajen 96 ya ƙi motsi. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau. Jos ce ke bisa tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, inda iska ba ta danne ruwa yadda take danne shi a Legas, don haka yake tafasa da wuri. Matan unguwarmu ta Farin Gada da ke mitar wake ba ya nuna da sauri ba su yi ƙarya ba.

Na daɗe ina tsaron ɗakin gwaje-gwaje, kuma na lura tarihin wannan darasi na auna zafin da sinadarai ke fitarwa ko suke shanyewa yana tattare cikin digiri huɗun nan. Gadonsa muka yi. Jami'ar Jos ta faro a matsayin reshen Jami'ar Ibadan a 1971, ɗaliban farko suka shigo a Janairun 1972, ta tsaya da ƙafarta a 1975. Ita kuma Ibadan an kafa ta a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan. Ka ga ke nan ilimin ya taso daga ƙasa-ƙasa, inda ba wanda ke gardama da 100, ya hau mota ya taho Filato ba a tambaye shi ko ya saba da tudu ba.

Asalin abin ya girmi duk waɗannan jami'o'i. A farkon shekarun 1780 Lavoisier da Laplace suka ƙera kalorimita ta ƙanƙara a Faransa: a sa abu mai zafi a tsakiya, a auna ruwan da ya narke. Har ɓeran Masar suka saka a ciki, don su nuna numfashi ma wani nau'in ƙuna ne a hankali. A 1840 Germain Hess ya fitar da ƙa'idarsa, cewa jimillar zafi ɗaya ce ko ta wace hanya aka bi. Daga baya Berthelot ya zo da tukunyar ƙarfen da ake kira bom, wadda ake ɗura wa iskar oksijin a ƙona abu a ciki.

Mu dai da gwangwanin jan ƙarfe muka fara, wanda ake naɗe shi da auduga, da ɗan abin motsawa na waya. Gwajin farko kullum shi ne a dafa guntun ƙarfe a tafasasshen ruwa, a tsamo shi da sauri a jefa cikin ruwan sanyi, a ga digiri nawa ya ƙaru. A nan ake gane wanda ya auna da wanda ya kwafa. In ɗalibi ya rubuta cewa ƙarfen ya taso daga 100 alhali daga 96 ya taso, amsarsa za ta kauce da kusan kashi 5 cikin 100, tun kafin a yi maganar zafin da hunturu ya sace tsakanin tukunya da gwangwani. Kuma hunturun Jos ba ya sata kaɗan. A watan Janairu, hannu na karkarwa, sai ka ga yaro ya tsaya neman abin kamawa da ƙarfe a sama, zafin na bin iska. Ni na fi son in ba su kuza maimakon jan ƙarfe in an samu, tunda a kanta garin ya ginu, ga shi zafin da take riƙewa bai kai na jan ƙarfe ba, kuskure ba shi da wurin ɓuya.

Bayan 1986, da aka karya darajar naira, kayan waje suka yi wa jami'o'in ƙasar nan tsada. Ma'aunin Beckmann, mai karanta ɗaya cikin ɗari na digiri, ya zama abin da ake nuna wa ɗalibai daga nesa, kada a taɓa. In ya fashe, shi ke nan. A lokacin ne da yawa daga cikinmu muka koma ga filas ɗin shayi na kasuwa, wanda in an bi salsala ɗan kimiyya ne, James Dewar, ya ƙirƙiro shi a 1892 don aikin ɗakin gwaji. Wato gida ya dawo. Daga baya kofin roba mai kumfa ya shigo, sannan ma'auni mai lamba ya fara ture na zaiba, wanda dama duniya ta ɗaura aniyar rabuwa da shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013.

Wasu abokan aiki suna ganin kofin nan ci baya ne. Ban yarda ba. Zuba mililita 50 na asid mai ƙarfi a kan 50 na soda, kowanne mola ɗaya, zafi zai hau kusan digiri 7, kuma kofin ya ishi nuna hakan. Matsalar tana wani wuri: kowa ya san amsar littafi kilojul 57 ce a kowane mol, sai a riƙa lissafi daga baya zuwa gaba, abin da yara ke kira "dafa sakamako". Rahoto goma, duka 57 cif. Wanda ya kawo mini 52, da jadawalin karatun kowane rabin minti, da zanen layin da ya mayar zuwa lokacin haɗawa, da bayanin inda sauran ya zurare, shi nake ba maki.

Bara na fita da wani rukuni zuwa wurin mai shayi kusa da kasuwar tumatir, na roƙe shi mu tsoma ma'auni a butarsa. Ya ce, "Malam, a wanke shi dai tukuna." Wata ɗaliba ta duƙa, tururi na dukan fuskarta, ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta ciro biro ta soke ɗarin da ta riga ta rubuta tun a ɗakin kwana.