Labarin 'Yan Ƙwallon Glossop

A arewacin Ingila, kamar mil 15 gabas da birnin Mancesta, akwai wani ɗan gari a gindin duwatsu, sunansa Glossop. A da, sana'ar mutanensa saƙa ce. Manyan masaƙu na auduga su ne suka raya garin, kusan kowane gida da mai aiki a cikinsu. Mun san ɗalibai da yawa ba su taɓa jin sunan garin ba, amma labarin 'yan ƙwallonsa ya isa a ji.

A shekarar 1886 samarin garin suka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa, suka sa mata suna Glossop North End. Da fari da ƙauyukan kewaye kaɗai su ke karawa. Ana nan sai wani attajiri, Samuel Hill-Wood, wanda gidansu ke da masaƙu a garin, ya sa hannu a al'amarin. Mutum ne mai son wasa ƙwarai, ga kuma abin hannu. Ya riƙa ɗauko gwanaye daga wasu garuruwa yana biyansu daga aljihunsa.

To, a Ingila ƙungiyoyin ƙwallo aji aji su ke, kamar 'yan makaranta. Wadda ta yi ƙoƙari a ƙara mata aji, wadda ta zo kurar baya a mai da ita ƙasa. A 1898 aka karɓi Glossop a aji na biyu. Shekara guda tak suka yi, suka zo na biyu a bayan Manchester City, sai ga su a aji na ɗaya tare da su Aston Villa da Liverpool. Har yau a kan ce ba a taɓa samun gari ƙarami kamarsa da ya kai wannan matsayi ba.

Amma hawan bai daɗe ba. Cikin wasa 34 da suka yi a 1899 zuwa 1900, guda 4 kaɗai suka ci, suka zo na ƙarshe, aka komar da su aji na biyu. A ganinmu ba laifin 'yan wasan ba ne. Kuɗin ƙofa shi ke riƙe ƙungiya, garin kuwa ba shi da jama'ar da za ta cika fili kowace Asabar. Taro mafi girma da suka taɓa samu mutum 10,736 ne, ran da suka kara da Preston a 1914, alhali manyan birane su kan tara ninkin haka ba tare da wani biki ba. Giɓin da ya rage, attajirin nan ke cikewa.

Da ya janye hannunsa, wajen farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai rufi ya yaye. A 1915 suka zo na ƙarshe a aji na biyu, aka yi ƙuri'a, aka ba Stoke gurbinsu. Shi kuwa Hill-Wood ya zama shugaban Arsenal ta Landan a 1929, jikansa ma ya riƙe wannan kujera har 2013.

Abin mamaki, ƙungiyar ba ta mutu ba. Mutanen gari suka ci gaba da ita a ƙananan gasanni na yankinsu, wani ya karɓi kuɗin ƙofa, wani ya gyara fili, ba mai biyansu ko anini. A 1955 suka koma sabon fili a Surrey Street. Masaƙun nan suka rufe ɗaya bayan ɗaya, ƙwallo bai tsaya ba.

A 2009, shekara 100 cif bayan Bristol City ta fitar da su daga gasar kofin FA saura ƙungiya takwas, suka kai wasan ƙarshe na FA Vase, watau kofin ƙananan ƙungiyoyi, a babban filin Wembley. Dubban mutanen garin suka bi su Landan. Whitley Bay ta ci su 2 da babu. Suka sake komawa a 2015, North Shields ta ci su 2 da 1 bayan an ƙara lokaci.