Dihe: Gansakukar Kanem da Duniya Ta Zo Nema

Mu Hausawan Cadi ta hanyar kanwa muka fi sanin Kanem, domin fatakenmu sun daɗe suna safarar ungurnu daga gaɓar Tafkin Cadi zuwa kasuwannin Barno da Kano. Amma ƙananan tafkunan kanwar nan suna ba da wata dukiyar daban, wadda da yawanmu kan wuce ta a kasuwa ba mu tambayi labarinta ba. Ita ce dihe.

Dihe gansakuka ce mai ƙananan ƙwayoyi, koriya shar, da ke taruwa a saman ruwan kanwa. Tun kaka da kakanni matan Kanembu ke kwasar ta da ƙwarya, su zuba a ramukan da suka haƙa cikin rairayi. Ruwa ya tsane, rana ta busar da ita, sai a yanka gunduwa-gunduwa a kai kasuwa, a kaɗa miya da ita a ci da tuwon gero.

Masanan Turai ba su san da ita ba sai a 1940, lokacin da Pierre Dangeard na Faransa ya bayyana samfurin da aka samo daga kasuwar Massakory. A 1964 Jean Léonard, masanin tsirrai ɗan Beljiyam, ya sake cin karo da ita a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Bincike ya tabbatar cewa ita ce sifirulina, kuma fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne, sinadarin gina jiki. Daga nan masana'antu a Meziko da Amurka da Sin suka shiga noman ta a manyan kududdufai, har hukumar sararin samaniya ta Turai ta sa ta cikin gwajin samar wa 'yan sama jannati abinci da iskar shaƙa.

Masu kare muhalli suna son ta ne saboda tana girma a ruwan da ba ya shuka gero ko dawa. Ba a sare mata daji, ba ta cin gona, kuma tana zuƙar iskar kabon da ke ɗumama duniya.

Sai dai mahaifarta tana cikin haɗari. Tafkin Cadi, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963, ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma bayan farin shekarun 1970 da 1980, rairayi kuma yana binne kwaruruka. Tafkin kanwa in ya ƙafe, sana'ar mata da iliminsu kan tafi tare da shi.

Mu da ciniki ya zaunar da mu a ƙasar nan, rabonmu a wannan aiki shi ne mu sayi dihe da farashin da ya dace da wahalar masu kwasar ta, mu sa ta a tukunyarmu, mu kuma faɗa wa 'ya'yanmu cewa garin sifirulina da suke gani a kantin magani, matan Kanembu sun riga masana'antu sanin sa.