Daga Layin Alli Zuwa Bututun Busawa: Waiwaye Kan Tuƙi Cikin Maye a Birtaniya

Dokar hana tuƙi cikin maye ta riga mota shiga titunan Birtaniya. Tun a 1872 aka haramta wa wanda ya bugu ya ja ragamar doki, ko keken doki, ko shanu, ko injin tururi a kan hanya. Da mota ta iso ba ta daɗe ba ta kai mutum gaban alƙali: a watan Satumba na 1897 aka ci tarar wani direban tasi a Landan, George Smith, bayan ya sha ya yi tatul ya afka wa wani gini. Shi ake kawowa a matsayin na farko.

Sai dai doka daban, kama mai laifi daban. Dokar hanya ta 1930 cewa ta yi laifi ne mutum ya sha har ya kasa sarrafa mota yadda ya kamata. To wa zai ce ya kasa? A wancan zamani idan ɗan sanda ya kai direba caji ofis, sai a ja layi da alli a ƙasa a ce ya bi a miƙe, a ce ya rufe ido ya taɓa hancinsa, a ba shi kalmomi masu karya harshe ya maimaita. Kafin likitan 'yan sanda ya iso, tsoro ya wartsakar da rabin mayen. In an je kotu kuma, masu taya alƙali yanke hukunci su ma yawancinsu haka suke komawa gida daga mashaya. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, don haka sau da yawa sai a sallami mutum. Mai masauki ma ba ya ganin ya cika karamci sai ya ƙara wa baƙo kofi ɗaya a bakin ƙofa, makullin mota na hannunsa.

Mafita daga arewacin Turai ta faro. Wani masani ɗan Suwidin, Erik Widmark, ya fito da hanyar auna barasa a cikin jini, kuma a 1936 Norwe ta zama ƙasa ta farko da ta yanka iyaka da lamba: miligiram 50 a cikin mililita 100 na jini. Wanda ya haura ya yi laifi, ko da kuwa yana tafiya a miƙe kamar soja. A Amurka kuma Robert Borkenstein, jami'in 'yan sandan jihar Indiyana, ya ƙera na'urar auna barasa ta numfashi a 1954. Bincikensa na garin Grand Rapids da ya fito a 1964 ya nuna cewa da zarar an kai wajen miligiram 80, haɗarin yin karo ya fara hauhawa da sauri.

Mu dawo Landan ta 1967, domin a nan ne abin ya yi daɗin labari. Ministar sufuri a lokacin, Barbara Castle, ba ta ma tuƙi, kuma ita ce ta tsaya kai da fata har majalisa ta amince da iyakar miligiram 80. Daga watan Oktoba na shekarar, ɗan sanda ya fara miƙa wa direba ɗan bututun gilashi mai jakar leda a gindi. Ka busa, ƙwayoyin cikinsa masu launin rawaya su koma kore, in koren ya wuce alama sai caji ofis, a ɗebi jini ko fitsari. Hukuncin kuwa har da ƙwace lasisi na aƙalla shekara guda. Ƙasa ta ɗauki zafi. Masu mashaya suka ce an kashe musu kasuwa, direbobi suka ce an taka 'yancinsu, wasiƙun zagi da barazanar kisa suka yi ta sauka a ofishinta. Wani mai hira a BBC ya tambaye ta ido da ido, ke mace da ba kya tuƙi, me kika sani a kai? Tun kafin nan matsin lamba ya sa an cire sashen da zai ba 'yan sanda damar tsayar da kowace mota su gwada direba ba tare da zargi ba. Duk da haka, a shekarar farko adadin waɗanda suka mutu a hanya ya ragu da fiye da dubu.

A ganina darasin da ya fi muhimmanci yana cikin abin da ya biyo baya. Bayan 'yan shekaru direbobi suka gane cewa ba kasafai ake tsayar da mutum ba, sai suka koma gidan jiya. A 1979 mutum 1,640 ne suka mutu a haɗurran da maye ya shiga ciki. Lamba ta kawar da gardamar "ni na san kaina", amma ba ta sa kowa jin kunya ba. Kunyar sai da aka gina ta a hankali, da tallace-tallacen talabijin na kowace Kirsimeti waɗanda suka daina lallashi suka koma nuna gawa da marayu, da kuma na'urorin caji ofis na 1983 da suka sa shaidar numfashi kaɗai ta isa kotu.

Amurka ta bi wata hanyar. A can iyaye mata ne suka ja gaba, bayan wani mashayi da aka sha kamawa ya kashe Cari Lightner mai shekara 13 a Kalifoniya a 1980. Mahaifiyarta ta kafa ƙungiyar MADD, kuma cikin shekara huɗu aka yi dokar tarayya da ta tura jihohi mayar da shekarun sayen barasa 21. Iyakar 80 kuwa sai a 2004 ta game duk jihohin.

Zuwa 2014, wani binciken gwamnatin Birtaniya ya samu fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna cewa za su ji kunya a kama su da wannan laifi, mace-macen kuma sun sauko zuwa tsakanin 200 da 300 a shekara. A watan Disamba na wannan shekarar Sikotlan ta rage iyakarta zuwa 50, inda Norwe ta fara shekara 78 kafin nan. Ingila da Wales kuwa sun haura rabin ƙarni a kan 80 ɗin da Barbara Castle ta sha zagi a kansa, lambar da ta fi ta kusan kowace ƙasa a Turai sassauci.