Janar Abdussalami Abubakar: Watanni Goma Sha Ɗaya A Kan Mulki Da Abin Da Ya Biyo Baya

 

Da yawa daga cikinku ba ku yi wayo a zamanin soja ba, wasu ma ba a haife su ba, saboda haka kun san Janar Abdussalami Abubakar ne a matsayin dattijon nan mai farin gemu da ake gani tsaye a tsakanin 'yan takara duk lokacin da zaɓe ya gabato. Tambayar da ya kamata ku yi ita ce: me ya ba shi wannan matsayi, alhali ƙasar nan cike take da janar-janar masu ritaya?

Amsar tana cikin shekarar 1998. Ranar 8 ga Yuni Janar Sani Abacha ya rasu, Allah Ya jiƙan musulmi. Kafin rasuwarsa jam'iyyu biyar da ke ƙasar duk sun tsayar da shi ɗan takara, ana ta gangamin tazarce, kurkuku cike da 'yan siyasa da hafsoshi, ga kuma ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta dakatar da Nijeriya tun 1995. Washegari aka rantsar da Babban Hafsan Tsaro, mutumin Minna da aka haifa a 1942, wanda ya fara da sojan sama kafin ya koma na ƙasa, kuma bai taɓa riƙe ko gwamnan jiha ba. Babu abin da zai hana shi yin yadda magabatansa suka yi. Gawon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, ya janye alkawarin a 1974. Babangida ya yi ta ɗaga rana har aka kai ga soke zaɓen 12 ga Yuni 1993. Jama'a sun saba da jin alkawarin soja, sun kuma saba da ganin an saɓa shi.

Shi kuwa a watan Yuli ya ambaci ranar 29 ga Mayu 1999, bai kuma matsar da ita ba. Ya saki fursunonin siyasa, ciki har da Obasanjo. Ya kafa hukumar zaɓe ta INEC a ƙarƙashin Mai Shari'a Ephraim Akpata. Aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Disamban 1998, na gwamnoni a Janairu, na shugaban ƙasa ranar 27 ga Fabrairu. Mu nan Zamfara, jihar ba ta cika shekara uku da kafuwa ba, ba ta kuma taɓa sanin gwamna ba sai Kanar Jibril Bala Yakubu. A wannan zaɓe ne mutanen Mafara da Maradun da Bakura da mu nan Janbako muka fara jefa wa gwamnan jiharmu ƙuri'a, Ahmad Sani Yariman Bakura ya hau a jam'iyyar APP. Duk abin da mutum yake gani game da siyasar da ta biyo baya, da daɗinta da ɗacinta, ƙofar ta buɗe ne saboda wani mai bindiga a hannu ya cika alkawari.

Malaman tarihin Musulunci sun daɗe da lura cewa sakin mulki ya fi kama shi wuya. Hasan ɗan Aliyu, Allah Ya ƙara musu yarda, yana da runduna a bayansa lokacin da ya sauka ya bar wa Mu'awiya a shekara ta 41 bayan Hijira, domin kada jinin musulmi ya ci gaba da zuba, har aka sa wa shekarar suna shekarar haɗin kai. Khalid ɗan Walid kuwa, da Umar ya sauke shi daga jagorancin rundunar Sham, ya ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Abu Ubaida. Ban kawo su don in auna wani mutumin zamaninmu da sahabbai ba, wane mu. Na kawo su ne don ku ga cewa ɗabi'ar tana da asali a wurinmu, tun kafin a koya mana kalmar dimokuraɗiyya.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. A hannun gwamnatinsa Cif Moshood Abiola ya rasu a tsare ranar 7 ga Yuli 1998, kuma har yau akwai waɗanda ba su gamsu da bayanin da aka yi ba. Ajiyar kuɗin ƙasa ta waje ta ragu ƙwarai a waɗannan watanni, har gwamnatin Obasanjo ta sa kwamitin Christopher Kolade ya sake duba kwangiloli da lasisin da aka raba a ƙarshen mulkin. Da kwamitin Oputa ya gayyace shi tare da Buhari da Babangida, bai je ba. Ni a ganina da ya je ya fi masa, domin wanda zai ce wa mutane su zauna a teburin sulhu bai kamata ya ƙi zama a gaban masu tambayarsa ba.

To amma dubi abin da ya yi da sunan da ya samu. A 2003 ƙungiyar ECOWAS ta naɗa shi mai shiga tsakani a yaƙin Laberiya. Tun farkon Yuni yake zaune a Akara da wakilan gwamnatin Charles Taylor da na 'yan tawaye, ana zama a zauren taro alhali ana luguden wuta a Monrobiya. Taylor ya bar ƙasar ranar 11 ga Agusta ya nufo Kalaba, aka sa hannu ranar 18 ga wata, yaƙin shekara goma sha huɗu ya tsaya. A 2009 aka tura shi Yamai lokacin da Tandja Mamadou ya ɗauko nasa tazarcen. Wannan karon bai yi nasara ba, soja suka kifar da Tandja a Fabrairun 2010. Ya kuma zauna da Thabo Mbeki a kwamitin Tarayyar Afirka kan Sudan.

Aikinsa da ya fi shafarmu shi ne na 2015. Ku tuna cewa bayan zaɓen 2011 an kashe mutane fiye da 800 a Arewa cikin kwana uku, mafi yawansu a Jihar Kaduna. Da 2015 ta matso, 'yan kasuwa da ma'aikata suka fara kwashe iyalansu zuwa garuruwansu na asali, kowa yana jiran abin da zai faru. Kwamitin zaman lafiya na ƙasa, wanda Abdussalami ya shugabanta, da Bishop Matthew Kukah da Mai Alfarma Sarkin Musulmi a cikinsa, ya haɗa Jonathan da Buhari ranar 26 ga Maris, kwana biyu kafin zaɓe, suka sabunta yarjejeniyar karɓar sakamako. Ranar 31 ga wata Jonathan ya buga wa Buhari waya ya taya shi murna tun ba a gama sanar da sakamako ba. Ladan wannan waya na Jonathan ne, kada a ƙwace masa. Sai dai ku yi tunani: a cikin tsofaffin shugabannin soja, mutum nawa ne za su iya kallon shugaba mai ci su ce masa akwai rayuwa bayan mulki, bai mayar musu da tambayar yadda su suka sauka ba?

Yana da shekara 81 aka sake ɗora masa wani nauyin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, ECOWAS ta ba da wa'adin mako guda ta kuma yi barazanar yaƙi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Duk wanda ke da dangi a Maraɗi ko Ƙonni, ko yake cin kasuwar Illela da Jibiya, ya san abin da wannan yaƙi zai zama. Ya tafi Yamai ranar 3 ga Agusta tare da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, wanda shi ma birgediya janar ne mai ritaya, ba su wuce filin jirgi ba, ba su ga Janar Tiani ba. Wani da irin girmansa da ya yi fushi ya zauna gida. Ya koma ranar 19 ga wata, bayan tawagar malamai ta je ta sassauta zukata, ya gana da Tiani, ya gana da Bazoum a inda yake tsare, ya dawo ya shaida wa Shugaba Tinubu da 'yan jarida cewa tattaunawa ce mafita. Bazoum bai koma kujerarsa ba, Nijar ma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Amma ba a harba harsashi ko ɗaya tsakanin ƙasashen biyu ba, kuma a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen iyakar.