Tarihin Firebird: Wa Zai Yashe Rijiyar Gari?

A wannan 'yar maƙala ina so in kawo tarihin Firebird, watau wata manhaja ta ajiyar bayanai a kwamfuta. Ba ta yi suna sosai ba, amma ƙananan kamfanoni da dama sun dogara da ita.

Asalinta InterBase ce, wadda Jim Starkey ya ƙago a shekarun 1980. A watan Yulin 2000 kamfanin Borland na Amurka ya saki asirin ginin InterBase 6.0 ga kowa. Nan da nan wasu masana suka kwafa, suka raɗa wa tasu suna Firebird. Ba a jima ba Borland ya janye jiki, ya koma sayar da tasa a rufe. Nauyi ya faɗo kan 'yan sa-kai.

To, a nan gizo ke saƙar. Rijiyar gari kowa na ɗiba, amma ran yasa sai a nemi mutane a rasa. Mai gyaran manhaja kuwa yana da iyali, godiya ba ta ɗora tukunya. Saboda haka a 2002 aka kafa Gidauniyar Firebird a Ostireliya. Membobi suka riƙa biyan kuɗin shekara, kamfanoni na ba da gudummawa, ita kuma tana tallafa wa maginan don su tsaya kan aikin. Da haka aka kai ga Firebird 1.5 a 2004, har 5.0 a 2024.

A ganina, abin kyauta ma akwai mai biyansa. Ran da masu ɗiba suka daina karo-karo, rijiya za ta ƙafe.