Daga Sarkin Gini Zuwa Kwamishina: Wa Ke Tsara Mana Gari a Dawakin Tofa?

Makalarmu ta wannan makon ta shafi wata kujera da ba a cika kula da ita ba, wato kujerar mutumin da ke cewa nan hanya za ta bi, nan ruwan sama zai fita, nan za a bar wa makaranta da maƙabarta. Duk wanda ya bi titin Katsina ya wuce Dawanau ya doshi Tumfafi da Kwa, ya ga yadda gonakin da iyayenmu suka noma gero da gyaɗa ke komawa fulotai, fulotan kuma suna komawa unguwanni. Idan muka tambaya wa ya tsara waɗannan unguwanni, sai a yi shiru. Domin mu gane dalilin shirun, bari mu bi sawun wannan kujera tun daga farko, tunda Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Babban aikin al'umma na farko da tarihin Kano ya adana shi ne ganuwa. Tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ta a ƙarni na 12, sannan Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya gina gidan sarautar da ake ciki har yau. Ganuwar ƙasa ba ta zama sai da gyara, domin kowace damina tana cin rabonta. Saboda haka aka yi mata tsari. Sarki ke ba da umarni, hakimai su kawo mutane daga garuruwan da ke hannunsu, Sarkin Gini da maginansa su duba kwaɓa ƙasa da jera tubali, kowace ƙofa kuma da sarkinta mai tsaron ta. Idan wani sashe ya zube aka bar shi, an san wanda za a kira a fada. Amma mu lura da rabon aikin: ƙauye ke kawo ƙarfi, birni ke yanke shawara. Wannan rabo zai daɗe yana bin mu.

A wancan zamani hakimai a cikin birni suke zaune, jakadunsu ke zagaya garuruwan da aka ba su. Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, cikin 'yan shekaru suka haɗa garuruwa suka mai da su gundumomi, suka ce kowane hakimi ya fita ya zauna a ƙasarsa. A haka Dawakin Tofa ta zama mazaunin Madakin Kano, sarautar gidan Yolawa, wanda kuma shi ke jagorantar masu zaɓen sarki, tare da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Daga nan aikin hakimi ya ƙaru. Shi ke tara haraji da jangali ta hannun dagatai da masu unguwanni, shi ke sa a share hanya bayan damina, a gyara rumfunan kasuwa, a yashe rijiya.

Wajen 1909 aka kafa baitulmalin En'e a Kano, aka fara rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ana raba kuɗin haraji tsakanin En'e da gwamnatin Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, baitulmali ya cika. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau a 1926, majalisar sarki ta raba aiki tsakanin manyan 'yan majalisa: Waziri na kula da shari'a, Galadima na kula da birni, Ma'aji na riƙe da baitulmali, Madaki kuma na kula da harkokin gundumomi. En'e ta samu sashen ayyuka da injiniyoyi, da sashen safiyo masu awon gonaki, da duba-gari masu lura da tsafta. Da kuɗinta ta gina asibitin birni, ta kuma yi aikin ruwan famfo da lantarki daga Challawa wanda aka buɗe a 1931, aka ɗora tankin ruwa a kan Goron Dutse.

Wannan zamani yana da abin yabo, yana da abin takaici. Abin yabon shi ne kuɗi da ma'aikata da iko duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya, don haka aikin da aka fara yakan kai ƙarshe. Abin takaicin shi ne mafi yawan masu biyan harajin manoma ne na karkara, amma bututun Challawa a birni ya tsaya, kakanninmu suka ci gaba da jan guga. Hanyoyin karkara kuwa sau da yawa da aikin tilas aka share su, talaka ba shi da bakin tambaya. Irin wannan ƙorafi na cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU ƙarfi bayan kafa ta a 1950. Duk mai yi mana kirarin zamanin En'e, ya haɗa da wannan ɓangaren.

Bayan samun 'yanci aka gane birnin ya fi ƙarfin tsohon tsari. A 1962 aka kafa hukumar tsara Kano da kewaye, wani masanin tsara birane mai suna Trevallion ya rubuta mata shirin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya nuna inda masana'antu da gidaje da manyan tituna za su kasance. A daidai wannan lokaci wani masanin ƙasa, Michael Mortimore, yana nazarin karkarar da ta kewaye Kano, inda ya bayyana ta a matsayin yanki mai cunkoson jama'a da ake noma kowace gona duk shekara ba hutu. Jakuna na kai itace da hatsi birni, su dawo da taki. Wato birni da ƙauyukansa jiki ɗaya ne wajen ci da sha, amma taswirar masu tsari ta tsaya a kan birnin da gefensa. Hukumar ta sha sauya suna da fasali, ta zama hukumar raya birane a 1976, daga baya KASEPPA, yau kuma KNUPDA, idonta dai na kan birni.

Kafa Jihar Kano a ranar 27 ga Mayun 1967 ya ɗauke kujerar daga fada ya kai ta ma'aikatu. Kwamishinan ayyuka da babban sakatare da manyan injiniyoyi suka gaji abin da 'yan majalisar sarki ke yi. Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya juya wani kaso na aikin zuwa karkara, musamman madatsun ruwa irin su Bagauda da Tiga, daga baya kuma aka samu Watari a Bagwai, maƙwabtanmu. Hukumar WRECA ta riƙa yin irin waɗannan ayyuka da ma'aikatanta da injunanta. A 1977 aka buɗe makarantun sakandaren kimiyya biyu, ɗaya a Dawakin Kudu ɗaya a Dawakin Tofa, ƙarƙashin hukuma ta musamman da aka ba aiki guda tak. Likitoci da injiniyoyin da makarantarmu ta yaye sun isa shaida cewa idan aka ba hukuma aiki bayyananne, aka ba ta kuɗi, aka san shugabanta, ana ganin amfanin.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo da alkawarin dawo da kujerar kusa da mu. An cire hakimi daga zartarwa, aka kawo shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli, aka buɗe sashen ayyuka a sakatariya. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa aikin ƙaramar hukuma filla-filla: tituna na cikin gari, fitilun titi, magudanan ruwa, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara, har da raɗa wa layuka suna da ba gidaje lamba. Sai dai wasu dokokin sun ja igiyar ta wani gefen. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar birni a hannun gwamna, ta karkara a hannun ƙaramar hukuma, ta kuma ba gwamna ikon ayyana inda birni ya kai. Dokar tsara birane ta 1992 ta tanadi hukumar tsari a matakin ƙaramar hukuma, amma a aikace hukumar jiha ke ba da izinin gini. Kuɗin ƙananan hukumomi kuma yana biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Aikin titin kilomita biyar-biyar da aka ɓullo da shi a ƙananan hukumomi 44 a zangon mulki na 2011 zuwa 2015 misali ne: a Kano aka tsara shi, a Kano aka ba da kwangila, da kuɗin wancan asusu. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma har yanzu idon jama'a na kan yadda za a aiwatar.

Akwai wani abin lura game da nauyin kujerar a matakin jiha. Dokta Abdullahi Umar Ganduje, ɗan ƙauyen Ganduje a wannan ƙaramar hukuma, ya riƙe kwamishinan ayyuka a shekarun 1990 kafin ya zama gwamna a 2015. Injiniya Abba Kabir Yusuf ya riƙe wannan ma'aikata daga 2011 zuwa 2015 kafin ya zama gwamna a 2023. Ko wane ɓangare mutum yake a siyasa, zai yarda kujerar da ta fitar da gwamnoni biyu a jere ba ƙarama ba ce. To mu tambayi kanmu, mu nawa ne muka san sunan kansila mai gafaka na ayyuka a Dawakin Tofa, ko shugaban sashen ayyuka na sakatariyarmu?

Dawanau ce ta fi nuna inda wannan tarihi ya kawo mu. An kafa kasuwar a 1985 domin rage cunkoson 'yan hatsi a cikin birni, ta girma har ana lissafa ta a sahun gaba cikin kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma. Masara da gero da wake da riɗi da zoɓo na fita daga cikinta zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, wasu har ƙetaren teku. Yanzu mu ƙirga hannayen da ke kanta. Babban titin na gwamnatin tarayya ne. Izinin gini na hukumar jiha ne, takardar mallaka ta ofishin ƙasa ce. Wuta ta kamfanin KEDCO ce, famfo na hukumar ruwa ne. Ƙaramar hukuma na da haƙƙin kasuwa da tasha, ƙungiyar 'yan kasuwa na da nata tsarin, dagaci da mai unguwa kuma su ake kira shaida idan za a sayar da gona. Kowanne na da ofis da hatimi. Wanda babu shi ne mutum guda da aikinsa shi ne ya zaunar da su a tebur ɗaya, ya kuma amsa tambaya idan tirela ta toshe hanya ko ruwa ya shiga sito.

A wannan giɓi awon igiya ke bunƙasa. Magada su sayar da gona, dillali ya zo da igiya ya yanka ta fulotai iya yawan da za ta bayar, domin kowane taku da aka bar wa hanya kuɗi ne ya ragu. Sai a tashi da lungun da motar kashe gobara ba ta shiga, ba filin makaranta, ba wurin asibiti. Kududdufin da a da yake karɓar ruwan unguwa a cike shi da shara a sayar, ruwan kuma ya nemi ɗakin mutane. Ƙidayar 2006 ta ba Dawakin Tofa mutum 247,875 a kan murabba'in kilomita 479, wato sama da mutum 500 a kowace guda, tun kafin birni ya matso kamar yau. Layin da aka bari kafin a yi gini kyauta ne, wanda za a buɗe bayan an yi gini kuwa sai da rusau da diyya da hawaye. Tun ran gini tun ran zane.

Abin da muke ɗauka daga wannan tarihi shi ne, aikin da ya ɗore a ƙasar Kano ya samu mai shi da aka sani da suna, mai kuɗi da ma'aikata a hannu. Zamanin En'e ya samar da irin wannan mutum amma ya hana talaka tambayarsa. Zamaninmu ya ba mu 'yancin tambaya, sai dai an rarraba kujerar har ba mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa ba. Muna da damar haɗa biyun. Mu nemi ƙaramar hukuma ta bayyana jami'i guda da alhakin tsara gari ke wuyansa, a liƙa taswirar Dawanau da Tumfafi da Kwa da cikin garin Dawaki a sakatariya inda kowa zai gani. Mu nemi a riƙa zama a kai a kai tsakanin wannan jami'i da hakimi da dagatai da wakilan KNUPDA da shugabannin kasuwa, a karanta wa jama'a abin da aka yanke. Masu neman kujerar shugaban ƙaramar hukuma kuma, idan sun zo mazaɓunmu goma sha ɗaya neman ƙuri'a, mu tambaye su ta ina ruwan unguwarmu zai fita. Mu da kanmu, duk gidan da za a raba gonar gado, a samu mai cewa a fitar da hanya tukuna kafin a kira dillali.

Dattawanmu da suka ga zamanin En'e da idonsu suna nan a Marke da Jalli da Tattarawa da Danguguwa. Wanda ke da kaka ko kawu irin wannan, ya zauna da shi ya ji wa ya sa aka haƙa rijiyar garinsu, wa ya fitar da hanyar kasuwa, ya rubuta ya kawo mana mu ƙaru. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon tambaya cikin ladabi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.